BAYAN AN KWASHE RUMFUNA, WA YA RAGE A GIDAN MAKOKI?

A wannan fitowa muna so mu taɓo wata magana wadda ba a cika kawo ta gaban majalisar dattawa ba, ko da yake babu gidan da ba ta shafa ba. Maganar kuwa ita ce yadda ikilisiyoyinmu suke lura da waɗanda aka yi wa rasuwa, da waɗanda suka sha wahalar jinya kafin rasuwar. Za mu faɗe ta a fili, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. An mai da jana'iza biki. Ƙarfin ikilisiya da kuɗinta da lokacinta duk suna ƙarewa a kan rana ɗaya, ranar da mamaci ba ya bukatar kome daga hannun kowa, sa'an nan a watse a bar rayayyu daidai lokacin da bukatarsu take farawa.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Da an yi rasuwa sai a kafa kwamiti. A ajiye gawa a mutuware mako biyu, wani lokaci har wata guda, ana biya kowace rana, ana jiran manyan dangi su iso daga Legas ko Abuja. A buga takardar shirin jana'iza mai hotuna, a ɗinka anko, a yi hayar rumfuna da kujeru da janareto da lasifika, a yi daren waƙoƙi, a yanka saniya, a ɗauki motar da za ta kai gawa ƙauye. Mawaƙa su zo, zumuntar mata ta zo da kayan kiɗanta, fastoci su jeru a gaba. Bayan kwana biyu ko uku masu haya su kwashe rumfunansu, gida ya yi tsit. Abin da ya rage wa gwauruwa shi ne bashin jana'iza, da kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da dare mai tsawo. Waɗanda suka cika ƙofar gidanta jiya, yau sai dai su ɗaga mata hannu daga nesa bayan sujada.

DON ME ABIN YA FI NAUYI A KANMU

A wuraren da masu bi suke da yawa, ko ikilisiya ta yi sanyi akwai dangi kewaye da gida. Mu kuwa da muke zaune a Kano da Katsina da Gusau da Sakkwato da Dutse da Damaturu da ƙauyukansu, halinmu dabam ne. Da yawa cikin membobinmu aiki ne ko kasuwanci ya kawo su. Idan mai gida ya rasu sai a kai shi Filato ko Kudancin Kaduna ko Adamawa a binne, dangi su zauna can, matar ta komo ɗakin haya ita da yara. Waɗansu kuma 'yan ƙasa ne, amma danginsu sun ja da baya tun ranar da suka karɓi bangaskiya. Ga irin waɗannan, ikilisiya ita ce kawu, ita ce gwaggo, ita ce yaya. Idan ikilisiya ba ta taka ta je ba, to, ba wanda zai je.

Ƙarshen abin kuwa mun sha ganinsa. Bayan wata shida gwauruwa ta daina zuwa sujada, a raba yara ga dangi, babbar 'ya ta bar makaranta ta shiga aikatau, wani lokaci a tilasta wa uwar auren da ba ta so domin ta sami abin sa wa a baki. Sa'an nan a zauna a majalisa a ce wance ta yi sanyi cikin bangaskiya. Kafin a faɗi haka, ya kamata a buɗe littafin ziyara a ga sau nawa aka je gidanta bayan jana'iza. A yawancin wurare ma babu littafin.

Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi. Suna binne mamaci a ranar da ya rasu ko washegari, cikin likkafani, ba tare da kashe dukiya ba. A gidaje da yawa akwai kwana uku, da bakwai, da arba'in, ranakun da suke sake jawo ƙafafun mutane zuwa gidan. Matar mamaci tana takaba wata 4 da kwana 10, unguwa duka ta san halin da take ciki. Ba koyarwarsu muke cewa a ɗauko ba. Abin lura shi ne suna da ranakun komawa, ikilisiyoyinmu kuwa ba su da ko ɗaya. Alhali Littafi Mai Tsarki bai san makokin kwana biyu ba. Isra'ilawa sun yi kwana 30 suna makokin Haruna, suka yi kwana 30 kuma domin Musa, Masarawa suka yi kwana 70 suna makokin Yakubu.

WATANNIN FARKO SU NE MASU HATSARI

Likitoci sun daɗe da sanin cewa baƙin cikin rasuwa yana taɓa jiki. A shekara ta 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila mai suna Colin Murray Parkes, tare da abokan aikinsa, ya buga sakamakon bin diddigin maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. Suka tarar cewa a cikin wata 6 na farko, mutuwa a tsakaninsu ta fi ta tsararrakinsu masu aure da kashi 40 cikin 100, yawanci kuwa ciwon zuciya ne ya ɗauke su. Ashe watannin da ake ganin an gama, kowa ya koma harkarsa, su ne watannin da mai makoki yake bakin rami.

Haka kuma, a cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a watan Janairu 2022, an shigar da baƙin ciki mai daɗewa a matsayin ciwo mai bukatar magani. Watau idan an wuce wata 6 mutum yana nan kamar jiya aka yi rasuwar, begen mamaci ya cinye shi, ya kasa aiki, ya kasa cuɗanya da mutane, fiye da yadda aka saba gani a al'adar wurin. Yawancin masu makoki ba sa kai wa nan, suna farfaɗowa a hankali idan akwai mutane kusa da su. Amma kaɗan ɗin da suka kai, wa zai gane su idan ba mai leƙawa? Sau da yawa maimakon a kai su ga likita sai a ce aljani ne, ko ruhun mamaci ne yake binsu, a yi ta kai su daren addu'a har jiki ya lalace. Addu'a wajibi ce, asibiti kuma baiwar Allah ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Kai ɗan'uwa can ba abin kunya ba ne.

MAI JINYA, WANDA BA A KIRAN SUNANSA

Akwai wani mutum da ake mantawa da shi ɗungum, shi ne wanda ya yi jinyar mamaci. Wanda ya taɓa kwana a asibitocin ƙasar nan ya san cewa ɗan'uwan mara lafiya shi ne mai sayo magani, shi ne mai neman jini, shi ne mai wanki da juya mara lafiya da zubar da fo, shi ne mai kwana a baranda kan tabarma sauro yana cinsa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Saboda haka gidan da aka yi shekara biyu ana wankin ƙoda, ko ana fama da ciwon daji, ko shanyewar ɓarin jiki, ko amosanin jini, kafin ranar rasuwa an riga an sayar da gona da babur da keken ɗinki.

Yawanci mace ce: mata, ko 'ya, ko suruka, ko ƙanwa wadda aka ciro daga makaranta. Ta yi watanni ba ta yi barcin kirki ba, sana'arta ta mutu, ƙawayenta sun watse. Ranar jana'iza kuwa, ɗan da ya zo daga birni da babbar mota shi ake ba kujerar gaba, shi ake ba lasifika, ita tana bayan gida tana wanke tukwane. Washegari ta farka ba wanda za ta ba magani, ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Wani lokaci takan ji wani sauƙi a ranta domin wahala ta ƙare, sai kuma ta shiga zargin kanta cewa ita muguwa ce. Wannan ji sananne ne ga masu doguwar jinya, ba zunubi ba ne, amma wa ya taɓa zama da ita ya gaya mata haka? Ubangijinmu, yana kan gicciye, sai da ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da zai kai ta gidansa. Bai bar ta ga kwamiti ba, mutum guda ya nuna.

Akwai waɗansu kuma da ba a lissafa su cikin masu makoki. Uwar da ta haifi jariri ba rai, ko ya rasu cikin mako, akan binne shi a gaggauce a ce mata Allah zai ba da wani, kamar kaza ce ta ɓata. Namijin da matarsa ta rasu akan ce masa ya yi ta maza, bayan wata uku a fara nuna masa 'yan mata. Yara akan ce musu baba ya yi tafiya, su yi ta jira a bakin ƙofa. Ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka sace nasu, ko aka kashe a daji ba a ga gawa ba. Su ba jana'iza, ba kabari, ba ranar da aka ce musu sannu a gaban jama'a.

BAKIN MASU TA'AZIYYA

Iyayenmu masu wa'azi, ku yi mana haƙuri, akwai magana a kanku. Sau nawa aka tsaya a bakin kabari aka tsawata wa gwauruwa cewa kukanta rashin bangaskiya ne? Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa sura 4, bai hana baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a ranar. Masu tsoron Allah da suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai zafi. Wanda ya hana mai makoki kuka ya ɗora masa kaya biyu, na rashi da na ɓoyewa.

Abokan Ayuba sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 dare da rana ba wanda ya ce uffan, wannan shi ne mafi kyaun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa, sai suka zama masu ƙara ciwo, har Allah ya tsauta musu a ƙarshen littafin. 'Ya'yansu suna nan da yawa a cikinmu. Su ne masu cewa da an kai shi asibiti da wuri, su ne masu raɗa cewa akwai hannun wani a ciki, su ne masu annabcin da suke nuna tsohuwa ko matar mamaci da yatsa. Irin wannan baki ya raba gidaje da yawa. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da kunne da tsintsiya da kwanon abinci, ya rage yawan bayani.

"MAGANAR GADO TA DANGI CE"

Wannan ita ce amsar da dattawa sukan bayar sa'ad da 'yan'uwan mamaci suka zo da mota suka kwashe kujeru da takardun fili, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Abin takaici, masu kwashewar sau da yawa masu cin jibin Ubangiji ne, waɗansu ma masu riƙe da muƙami. Idan ikilisiya tana iya sa yarinya a ƙarƙashin horo domin ta yi ciki, me ya hana ta horon wanda ya kori marayu daga gidan ubansu?

Ko dokar ƙasa ta riga mu magana. A shekara ta 2014 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar Anekwe da Nweke, ta yi watsi da wata al'ada ta Awka a Jihar Anambra wadda take hana gwauruwa gidan mijinta domin ba ta haifi ɗa namiji ba. A wannan shekara kuma, cikin shari'ar Ukeje, ta tabbatar cewa ba a hana 'ya mace gadon ubanta. Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya tilasta wa gwauruwa al'adu masu cutarwa, jihohi da yawa kuma sun zartar da irinta. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikacin da yake cikin tsarin inshorar rai wadda ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Gwauraye nawa ne cikinmu suka san da wannan? Kuɗin yana nan, amma sai da takardar shaidar mutuwa, da wasiyya ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Mace mai makoki, wadda wataƙila ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba za ta iya wannan zirga-zirga ita kaɗai ba. Ga shi kuwa da wuya a sami gundumar da ba ta da lauya ko ma'aikacin gwamnati ko ɗaya a cikin membobinta.

"BA MU DA KUƊI, BA MU DA YAWA"

Ikilisiyar da ta iya tara kuɗin saniya da rumfuna cikin kwana biyar ba za ta ce mana ba ta da kuɗi ba. Kuɗin yana zuwa inda ido yake gani ne. Waɗansu za su ce girmama mamaci ne. Muna tambaya, wane uba ne zai zaɓi akwati mai ƙyalli a kan kuɗin makarantar 'ya'yansa?

Aikin dikinoni ma daga kukan gwauraye ya samo tushe. A Ayyukan Manzanni sura 6, gwaurayen masu jin Helenanci ne aka tsallake wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, sai suka sa aka zaɓi mutum 7 aka ɗora musu aikin. Wajen shekara ta 251, Bishop Karniliyus na Roma ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, a zamanin da masu bi suke 'yan tsiraru, ana kuwa tsananta musu. A Ingila, wata mace mai suna Margaret Torrie ta fara tara gwauraye a shekara ta 1959, ta sa wa ƙungiyar suna Cruse, daga tulun man gwauruwar Zarefat wanda bai ƙare ba a zamanin Iliya. Ƙungiyar ta bazu cikin ƙasar, masu aikin sa kai ne kuma suke riƙe da ita. A nan gida, bayan da Boko Haram ta kama hedkwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi a watan Oktoba 2014, wannan ikilisiya, tana cikin gudun hijira, ta horar da mutanenta suka riƙa shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga waɗanda suka rasa nasu. Idan masu gudun hijira sun iya, wane dalili ne ya rage ga masu zaune a gida?

ABIN DA MUKE NEMA

Muna roƙon kowace majalisar ikilisiya ta sa waɗannan a kan tebur a zamanta na gaba.

1. A buɗe littafin makoki. A rubuta ranar rasuwa da sunayen waɗanda aka bari, har da mai jinya da yara. A sa ranakun komawa: bayan mako 1, wata 1, wata 3, wata 6, da cikar shekara, da Kirsimati ta farko. Sakatare ya riƙa karanta wa majalisa ko an je ko ba a je ba.

2. Kowane gida a ba shi mutum biyu da sunansu, mata ga mace, maza ga namiji. Abin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. Fasto shi kaɗai ba zai iya ba, shi ma yana binne mutane yana haɗiye nasa hawaye.

3. A raba gudummawar jana'iza biyu. Rabi a ajiye a asusu, a riƙa ba iyalin wata wata domin haya da makaranta da jari. A rage kwanakin mutuware, a daina tilasta anko, a daina sa gidan makoki ya ciyar da jama'a. Mu ne ya kamata mu kai musu abinci.

4. Taimako ya fara tun lokacin jinya. Zumuntar mata da ta maza da matasa su tsara karɓa-karɓa, domin mai jinya ta sami dare ɗaya ko biyu a mako ta yi barci, ta je sujada, ta duba sana'arta. Masu lafiya su ba da jini.

5. Kowace gunduma ta sami mutum ɗaya da zai raka gwauraye wajen takardu, banki, fansho da kotu. A koyar da rubuta wasiyya daga kan bagade, a kuma tabbatar ma'aurata suna riƙe da takardar aurensu ta rajista. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa.

6. A yi sujadar tunawa sau ɗaya a shekara, a kira sunayen waɗanda suka rasu, har da jarirai da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Ranar 23 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin gwauraye tun 2010, ta zama ranar duba wannan littafi a gaban jama'a. Raba atamfa da ɗaukar hoto bai isa ba.

7. Makarantun Littafi Mai Tsarki su koya wa ɗalibai sauraron mai makoki, da gane alamun da suke bukatar likita: rashin barci mai tsawo, ƙin abinci, shan giya ko ƙwaya, da maganar gajiya da rai.

'Yan'uwa, babu ɗaya cikin waɗannan da yake bukatar taimako daga ƙasashen waje, ko izini daga gwamnati. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Manzo Yakubu ya sa ziyarar marayu da gwauraye cikin wahalarsu a matsayin ma'aunin addini na gaskiya, maƙwabtanmu kuma da wannan ma'auni suke auna mu, gama sun ga rumfunanmu, suna kuma ganin ko akwai mai shiga gidan bayan an kwashe su. Kowannenmu ya san wani gida da aka yi rasuwa cikin shekarar nan. Kada mu jira majalisa ta zauna. A wannan mako a je a ƙwanƙwasa ƙofar, a zauna, a kira sunan mamacin, a tambayi mai gidan yaya dare.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da ƙafar tafiya. Amin.